Minti Biyu Zan Yi, Yanzu Zan Fito

Na san tun ban yi nisa ba wani ya riga ya taɓe baki. Ina jin ka, mutumin Kano, kai da kake gumi cikin A Daidaita Sahu a gosulon Kantin Kwari, kana cewa: "Ikon Allah! Yanzu har Gwaram ta yi girman da za a zauna a yi rubutu a kan wurin ajiye mota a cikinta? Motoci nawa ne a garin duka? Ai ko a tsakiyar titi mutum ya shimfiɗa tabarma ba wanda zai taka shi." To, sannu da ƙoƙari, yaya babba. Mun san ku kuka yaye mu, mu mutanen Jigawa, a 1991, kuma har gobe kallon ƙanne kuke mana. Amma ka daure ka karanta, tunda dai gosulon ba yanzu zai sake ka ba.

A ƙidayar 2006, wadda ita kanta ta tsufa, ƙaramar hukumar Gwaram tana da mutum sama da 270,000, Birnin Kudu kuma sama da 300,000. Ka ɗora waɗanda aka haifa daga lokacin zuwa yau, da yawansu sun isa hawa babur, wasunsu ma sun isa sace shi. Sannan ba mu kaɗai ke bin hanyarmu ba. Titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu, ya bi ta Gwaram da Basirka, ya faɗa jihar Bauchi. Tirela na bi, tankar mai na bi, homa cike da fasinja na bi, tifar yashi na bi. Gaskiya ne, ranar da ba kasuwa za ka iya kirga motocin da ke wucewa da yatsun hannunka kana shan rake. Amma ka zo Sara ranar da kasuwarta ke ci, ko Babaldu, ko bakin tashar Birnin Kudu da la'asar, sannan ka dawo mu yi musu.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai kanta ya zo ɗaukar buhunan riɗi, ya ga ba zai wahalar da 'yan dako ba, sai ya manna motarsa a bakin kwalta daidai ƙofar rumfar dillalinsa. Mai amalanken shanu ya iso da gero, ya ga kanta ta tsaya, ya ce ashe nan ne wurin tsayawa, ya ja burkin bijimansa a bayanta. Direban Golf ya hango fasinja biyu da akuya, ya tsaya a gefen kantar, wato a kan titi sosai, ya buɗe but. 'Yan acaɓa kuwa ba sa barin fili ya yi kuka, duk ƙofar da ta rage sun cusa kai. Mai shayi ya matso da bencinsa saboda jama'a ta taru a nan. Mai rake ya matso saboda mai shayi ya matso. Kafin azahar, titin da aka yi domin mota biyu su gifta juna ya zama lungun da sai ka karkata kafaɗa. Daga nesa kuma ga tirela ta taho tana hon, direbanta ya kwana bai yi barci ba.

Ka tambayi kowane ɗaya daga cikinsu, amsar guda ce: "Minti biyu zan yi, yanzu zan fito." Wannan minti biyun ita ce mafi tsawo a duk ƙasar Hausa. A cikinta ake cinikin sa, a ɓata, a shirya, a yi sallama. A cikinta ake cin tsire, a haɗu da abokin da aka rabu tun firamare, a yi jam'in la'asar. Kuma ba wanda yake jin ya yi laifi, domin kowa yana kallon wanda ya riga shi tsayawa. Laifi tudu ne.

Yanzu sai mai shakka ya ce: "To mun ji, ana tsayawa barkatai. Mene ne haɗin wannan da sata?" Haɗin uwa ɗaya uba ɗaya ne, malam. Ɓarawon babur ba aljani ba ne, kuma duk labarin layar zana da ake ba ka, yawancinsa ta'aziyya ce ga wanda aka yi wa sata. Abin da yake buƙata cunkoso ne da ƙeyar mai kaya. Ka jera babur hamsin a bakin kasuwa, rabinsu Boxer iri ɗaya kala ɗaya, babu mai gadi, babu wanda ya san na wane ne wannan. Mutum ya zo da hula da carbi a hannu, ya zauna a kan ɗaya kamar na gado, ya zura wani gogaggen mabuɗi a makullin da ya riga ya lashe, ya tayar. Wa zai tambaye shi? Mai shayi ma sai ya ce masa a sauka lafiya. In kuma ka manta ba ka kulle kan ba, ai ka rage masa aiki, sai dai ya yi maka addu'a.

Daga nan hanya a buɗe take. Gwaram a bakin iyaka take da jihar Bauchi, kuma ɓarawo ya fi ɗalibin sakandare sanin taswira. Kafin ka gama salati da tafa hannu, kafin a gama tambayar ka ko dai wani wuri ka ajiye ka manta, babur ɗinka ya bi hanyar burji ya tsallaka. Can kuwa wani reshen 'yan sandan ne da kwamishinansa daban. Ko shiyya ba ɗaya ba ce: Jigawa tana ƙarƙashin shiyya ta 1 mai hedikwata a Kano, Bauchi tana shiyya ta 12. Takarda za ta tafi, takarda za ta dawo, shi kuwa babur an riga an warware shi, inji ya yi gabas, tayoyi sun yi yamma. Ban ce ɓarayin daga Bauchi suke ba, kada maƙwabta su yi fushi. Su ma in aka sace nasu, ta wajenmu ake biyowa. Zumunci ne da ya daɗe.

Ga wani mai shakkar, shi wannan ba ya dariya. Malamin da rediyo ba ya barin kunnensa. Ya ce: "Haba! Ana kwashe mutane gari guda a Zamfara da Katsina, kai kana nan kana zancen fakin? Jigawa ai lafiya lau take. Ku gode wa Allah ku yi shiru." Godiya kam muna yi, malam, safe da yamma. Kuma kada ka zaci mutanen Gwaram ba su san ƙarar bindiga ba. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun shigo garin da dare, suka far wa caji ofis da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wanda ya kwana a garin a wannan daren ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan bambancin babban tashin hankali da ƙarami. Sai dai ba a cewa mai ciwon haƙori ya yi shiru don maƙwabcinsa ya karye.

Kuma wa ya ce maka ƙaramar sata ce? Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, sabon babur ya haura naira miliyan 1. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ka yi lissafi: albashin shekara guda cur, ba ci ba sha, bai sayi babur ɗaya ba. Yaron da ke acaɓa sau da yawa ba nasa ba ne, balas yake kaiwa kullum, ko kuma bashi ne yake biya kaɗan-kaɗan. Ranar da aka ɗauke shi, an ɗauke cefanen gida, an ɗauke kuɗin makarantar ƙanne, an bar shi da bashi da zargi, domin mai babur ɗin zai fara tunanin ko da haɗin bakinsa. Haka akuyar da aka kwance wa tsohuwa da dare, ita ce asusunta na ranar rashin lafiya. Haka riɗin da aka yanke aka jingine a gona ya bushe, wani ya zo da tamfol cikin duhu ya kakkaɓe wahalar damina guda. Haka batirin fitilar sola da wayar taransifoma da aka yanke, unguwa ta shafe watanni a duhu. Ba a sa waɗannan a kanun labarai, amma su ne hirar majalisa daga Kila har Farin Dutse.

To, ga babban mai musu ya iso, wanda tun ɗazu yake gyaran murya: "Duk ka bar zancen nan. 'Yan sanda ne ba sa aikinsu." Zauna, Alhaji, ga shayi. Ban zo wanke kowa ba, amma mu yi ɗan lissafi tukuna. Faɗin ƙaramar hukumar Gwaram ya kai wajen murabba'in kilomita 1,900, da ƙauyukan da in damina ta yi nisa ko babur sai an ɗaga shi a kafaɗa. Nijeriya gaba ɗaya, mai mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su cika 400,000 ba, kuma kowa ya san wani kaso mai tsoka yana bayan manya yana buɗe ƙofar mota da riƙe jakar Hajiya. Abin da ya rage shi ake rabawa ƙananan hukumomi 774. Kana so a tsayar da kurtu ɗaya a kan kowane babur da ka ajiye a inda ka ga dama? Ko da za a kwaso duk ɗaliban makarantar 'yan sanda ta Wudil a zube su a Sara ranar kasuwa, ba za su san wane Boxer ne na wa ba.

Mu kuma leƙa yadda ake kai ƙara, in an kai. Mutum ya shigo yana haki.

"Yallaɓai, an sace mini babur."

"Subhanallahi. Mece ce lambarsa?"

"Ai ban yi masa lamba ba tukuna."

"Yaushe ka saya?"

"Shekara ta uku ke nan."

"To lambar inji fa, ko ta sasi?"

"Ja ne, yallaɓai. Akwai sitika a bayansa."

"Rasit?"

"Yana cikin akwatin babur ɗin, ƙarƙashin sit."

Don Allah, Alhaji, in kai ne a bayan kantar nan, ta ina za ka fara? Ko an kama ɓarawo da babura goma a gidansa, da me wannan bawan Allah zai nuna nasa? Da sitika? Haka zancen waya. Kowace waya tana da lambar shaida tata ta kanta, wadda ake gani in an danna *#06#, kuma tana jikin kwalin da aka sayo ta. Ina kwalin? Yara sun yi mota da shi. Su kuma waɗanda ba sa zuwa caji ofis ɗin sam, sai su ce sun bar wa Allah, washegari kuma a gan su a gidan mai duba an ce musu wani dogo ne baƙi a yammacin gidansu. Da haka ake ɓata da maƙwabci na shekara talatin, ɓarawo kuwa yana can yana shan iska.

Na ga Baba a can gefe yana girgiza kai. Na san abin da za ka ce, ranka ya daɗe: a zamanin En'e, da dogari da ɗan doka, ko ɗankwali aka yar a kasuwa sai ya kwana a wurin. Akwai gaskiya a ciki. Amma ba jar rigar dogari ce ke kama ɓarawo ba. Abin da ke kama shi shi ne baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi. Ga shi kuma ɓarawon lokacin a ƙafa yake, ko a kan jaki, kafin ya kai gari na gaba labarinsa ya riga shi. Sannan, Baba, kada mu manta da ɗaya gefen: waɗannan 'yan dokan su ne aka riƙa turawa su lallasa 'yan jam'iyyar NEPU, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Shi ya sa difi'o zai iya zama mutumin da aka turo daga nesa, bai san Maruta ba bai san Zandam ba, kuma kafin ya gane wane ne wane an yi masa canjin wurin aiki. Ana ta muhawarar 'yan sandan jihohi, wasu na so, wasu na tuna NEPU. Kafin a gama, mai unguwa yana nan, kuma har yau ya fi kowace na'ura sanin yaron da ya fara kashe kuɗin da ba a san tushensu ba. Tambaye shi dai ba a cika yi ba.

Inda zan ba mai musu gaskiyarsa kuwa shi ne nan. Mutane ba haka kawai suke tsoron caji ofis ba. A bango an rubuta beli kyauta ne, amma wanda ya taɓa zuwa karɓo ɗan'uwansa a wurare da yawa na ƙasar nan ya san rubutun bai cika saukowa daga bangon ba. An san zancen kuɗin mai, an san na takarda da biro. Mai ƙaramin ƙarfi yana lissafi: akuyar dubu arba'in, bin sawunta ya ci dubu ashirin da yini biyar na gona, gara ya haƙura. Wannan abin kunya ne, kuma shi ne ke ciyar da ɓarawo, don satar da ba a kai ƙararta ba a takarda ba ta faru ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uba don ɗansa ya gudu, ta kuma hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Amma tsakaninka da Allah, Alhaji, wa ke kai mai bashinsa caji ofis yana cewa a ɗan tsorata shi? Wa ke sa a kulle yaron shagonsa a kan canjin da bai cika ba? Kai ka mai da ɗan sanda mai karɓar bashi da safe, da yamma kuma ka ce ba ya kama ɓarayi.

Akwai mutum biyu da ba a taɓa kiran sunansu in ana zagin ɓarayi, alhali ba don su ba sana'ar da ta mutu. Na farko shi ne mai sa'a. Shi ne wanda aka kawo wa wayar dubu ɗari a dubu ashirin, babu kwali babu caja, an goge komai, ya ce Allah ne Ya ciyar da shi. Shi ne mahaucin da ake kawo wa akuya da asuba ba ta hannun dillali ba, bai tambayi daga wane gida ba. Shi ne mai gyaran da ke karɓar inji ba sasi. A doka, karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne mai zaman kansa, a shari'ar Musulunci ma ba sai na ja aya ba, Malam yana kusa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na biyu shi ne dattijon kirki mai babbar riga, wanda da an kama yaro zai bayyana a caji ofis kafin a gama rubuta sunansa: "Yallaɓai, ɗanmu ne, kuskure ne, a rufa asiri." In dattijo bai isa ba a kira kansila, in kansila bai isa ba a kira na sama da shi, musamman in yaron yana da amfani ranar zaɓe. Jibi sai ga yaro a majalisa yana taje gashi, kuma wannan dattijon ne zai fi kowa ɗaga murya cewa 'yan sanda suna sakin ɓarayi. Ban kira suna ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as.

'Yan sintiri kam sun cancanci a gaishe su. Mutum ya bar shimfiɗarsa cikin sanyin hunturu, da gora da tocila, yana zagaya unguwa a kan ɗari biyun da rabin gidajen ba sa biya. Ku dai ku tsaya inda aikinku ya tsaya: ku kama, ku miƙa. Duka har a karya mutum ba bincike ba ne, kuma ihun "ɓarawo!" a kasuwa ya sha hallaka wanda bai ji ba bai gani ba.

Mu koma bakin titi. Aikin wa ne ya ce nan za a tsaya, can ba za a tsaya ba? Yawancin mutane za su ce na ɗan sanda ne, ko na jami'an kiyaye haɗurra da aka kafa hukumarsu a 1988. Su aikinsu hana karya doka a kan hanya. Amma samar da wurin tsayawar, wannan na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora mata kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, har ma da ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale. E, amalanke, ka karanta da kyau, tsarin mulkin ƙasa bai manta da shanunka ba. Ranka ya daɗe ciyaman, da can in an yi magana sai a ce kuɗin yana maƙale a jiha. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ya iso ko yana hanya, abin da muke roƙo bai kai kuɗin fentin sakatariya ba. Kuma masu karɓar kuɗin shiga ba su taɓa makara ranar kasuwa ba, da rasit ɗinsu a hannu tun hantsi.

Fili ne kawai a bayan kasuwa, nesa da kwalta. A kewaye shi da turaku da igiya, ƙofa ɗaya. A sa mutum biyu da aka sani, waɗanda sarkin kasuwa da shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi suka yarda da su. Tikiti biyu masu lamba ɗaya, ɗaya a ɗaure a hannun babur, ɗaya a aljihunka, ba tikiti ba fita. Manyan motoci su yi lodi a gefe guda, amalanke a wani gefen. Ba sabon abu ba ne, ana yi a bakin manyan kasuwanni da asibitoci da masallatan Juma'a da dama, kuma inda ake yi da gaske ɓarawo yakan canza sheƙa, domin ba ya son wurin da za a kalli fuskarsa sau biyu. Shi ke nan an rage wa ɗan sanda aikin da ba zai iya ba, an bar masa wanda zai iya.

"Wata hanyar tatsar talaka ce kawai!" Na ji ka, kuma ba ka yi ƙarya ba gaba ɗaya. In aka ba wa yaran ɗan siyasa filin a matsayin ladan kamfe, za su karɓi kuɗi su tafi kallon ƙwallo, babur ya ɓace a ce ba a ɗauki alhaki ba. Saboda haka sharaɗin shi ne wanda ya karɓi kuɗin gadi ya ɗauki nauyin abin da ya ɓata a hannunsa, a rubuce, da shaidar hakimi da difi'o. Amma kai ma ka faɗi gaskiya, ba naira ɗarin ce ke damun ka ba. Tafiyar taku ɗari biyu daga filin zuwa rumfa ita ce ba ka so. Kai da kakanka ya je Gwaram daga Basirka a ƙafa da kaya a ka. A Japan, tun 1962, a yawancin garuruwa ba za a yi wa motarka rajista ba sai ka kawo takardar shaida daga 'yan sanda cewa kana da wurin ajiye ta. A ce an kawo wannan doka nan, rabin masu motocin garin sai su nuna inuwar darbejiyar maƙwabci. Ko nan kusa, mutanen Kano da ke mana dariya sai da aka kafa musu hukumar KAROTA a 2012 kafin suka koyi cewa titi ba falon gidansu ba ne, kuma har yau karatun bai gama shiga ba. Mu ba ma fatan sai an kai ga sanda da tara.

Hajiya, na ga kina dariya kina cewa wannan faɗan maza ne. Ɗan dakata. Ranar bikin 'yarki, wa ya sa aka kafa rumfa da kujeru a tsakiyar layi tun daga walima har kai amarya? Motocin 'yan rakiya goma sha, kowace ta tsaya a ƙofar gidan wani, maƙwabci ya dawo daga gona da amalanke ya rasa ta inda zai shiga gidansa, in ya yi magana a ce ba ya son alheri. A cikin wannan turmutsutsun ne kuma wayoyin ƙawayen amarya ke yin ƙafa, a wayi gari ana zargin dangin ango. Ku kuma masu zuwa Juma'a a makare, ku toshe hanya da mota ku bi sahu a guje, ku tuna akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, kuma daga ƙauyukan Gwaram ake ɗauko mai naƙuda da wanda maciji ya sara a nufi can. Motar da ke ɗauke da su ba ta san minti biyunku ba. Liman ma ba zai ji haushi ba in kwamitin masallaci ya ware matasa huɗu su tsaya a kan ababen hawa, su yi tasu sallar daga baya ko su yi karɓa-karɓa, a tambayi malamai yadda ya dace.

Saura kai, ɗan'uwa, da ka karanta har nan kana cewa duk wannan surutun bai shafe ka ba, kai mutum ne mai tsari. Madalla. To ba tare da ka leƙa waje ba, faɗa mini lambar babur ɗinka. A'a, kada ka tashi. Ta inji fa? Takardunsa suna ina, a gida ko ƙarƙashin sit? Kuma yanzu haka da kake zaune a shagon mai caji kana karanta wannan a waya, a ina ka ajiye shi, kuma ka tabbata ka kulle kan? Je ka duba, ba zan gaya wa kowa ba.